Ina Alibinka?

Tun yana yaro ake kiransa Ali Bila, domin a gidan da ya tashi a unguwar Sakasaka ta Tamale Ali biyu ne, kuma Dagomba na ce wa ƙarami bila. Bakin 'yan kasuwa ya gutsure sunan ya koma Alibi. Har ya yi furfura a kan teburin fawa yana amsawa, bai ga aibu ba, sai da talabijin ta shigo unguwa.

Alhaji Mutaru dillalin goro ne ya sayo akwatin daga Kumasi, 'yan shekaru bayan an sauke tutar Ingila, ya girke shi a zaurensa. Kowace Laraba bayan magariba ana nuna wasan wani Bature ɗan sandan ciki, dogo, mai yawo da laima ko babu hadari. Aka sa masa Mai Laima. Daga Akara ake aiko fim ɗin, in sabo bai iso ba sai a maimaita tsoho. An kashe wani attajiri a kashi na farko, ana bincike a na biyu da na uku, na ƙarshe kuwa ya ƙi zuwa Tamale. Mutane suka yi ta kallon ukun nan har yara suka haddace inda Mai Laima zai yi tari.

Abdulwahabu, akawun kantin yadi, shi ne tafinta. Duk wanda Mai Laima ya titsiye, akwai wata kalma ta Turanci da yake jefa masa. Sai Abdulwahabu ya juyo ga jama'a ya ce, "Ya ce ina Alibi? A fito masa da Alibi!" Zaure ya ɗauki dariya.

Da safe a kasuwa ake ƙarasa muhawara. Masu cewa matar attajirin ce ta kashe shi suna gefe, masu cewa direba ne suna gefe, amma duka sun haɗu a kan abu ɗaya: da wuƙa aka yi kisan, kuma Bature na neman Alibi. Yara na bin Ali suna rera, "Alibi, ina ka ɓoye?" Mata na taya nama suna tambayarsa ko na attajiri ne.

Da abin ya tsaya nan da ya haɗiye. Amma tsohon ladanin masallacin unguwa muryarsa ta mutu, kuma Ali ne ya daɗe yana riƙe masa kiran asuba ba tare da an sa shi ba. Kowa ya san shi za a ba ladanci. Sai ga liman, Afa Nashiru, ya tsaya a bakin teburinsa yana kallon ƙasa.

"Malam Ali, dattawa sun ce a dakata."

"A dakata da me, Afa?"

"Jiya ka ɗaga murya, samari a alwala suna ƙyalƙyala. Ba a kiran salla ana dariya."

"Ni na sa su?"

"Ban ce kai ba ne. Na ce a dakata."

Ali ya sara ƙashin da ke gabansa har wuƙar ta nutse cikin katako. Ya bar ta a nan, ya nufi kantin yadi da jini a gaban rigarsa.

"Kai, ɗan Safiatu. A gabana aka yanka ragon sunanka, ni na feɗe shi. Me Baturen nan yake cewa?"

Abdulwahabu ya ja da baya har ya jingina da bandir ɗin atamfa. "Baba Ali, wasa ne fa."

"Ban tambaye ka wasa ba."

"Ba suna ba ne. Shaida ce. In an tuhumi mutum, sai ya kawo abin da zai nuna yana wani wuri lokacin da aka yi ɓarna. Shi ne alibi."

"Ka sani tun farko?"

"Ranar farko na faɗa, suka yi dariya. Alhaji ya ce in ci gaba, yana sa zaure ya cika."

"Ran Laraba za ka faɗa musu abin da ka faɗa mini. A gaban Afa."

Matarsa Adijatu ta ce ya bar zancen. Wanda ya yi dariya sau ɗaya, in ji ta, bayani ba ya mayar masa da ita ciki. Ali ya ce ba shawara ya zo nema ba, ta miƙo masa rigar Juma'a.

Ran Laraba labari ya zaga cewa fim na ƙarshe ya iso. Zauren Alhaji ya cika har kan taga, kekunan 'yan unguwannin Gumani da Dabokpa jingine a bango. Afa Nashiru na kan buzu a gaba. Ali bai taɓa shiga wurin ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya. Kafin a kunna, Abdulwahabu ya miƙe ya yi bayanin kalmar da murya ƙasa-ƙasa. Wasu suka gyaɗa kai. Wani daga baya ya ce, "Ashe Alibi mai ceton mutane ne."

Aka fara. Mai Laima ya tara mutanen gidan attajiri a ɗaki guda, ya nuna direba da bakin laima, ya yi magana mai kaifi.

"Fassara mana!" in ji Alhaji.

Abdulwahabu ya saci kallon ƙofa. "Ya ce... alibinka maƙaryaci ne. Sayensa ka yi."

Zauren ya fashe. Har Afa ya sa gefen rawani ya rufe baki. Wani ya ce, "Daga kisa an koma shaidar zur! Nawa ne kuɗinka, Alibi? Matata na tambayar inda na kwana."

Ali ya duba waje. Jan sama ya gushe, isha'i ta shiga. Tun zuwan akwatin nan, ran Laraba sai Mai Laima ya gama ake kiranta, kuma babu dattijon da ya taɓa cewa a dakata da wannan.

Ya ratsa ƙafafun mutane, ya tsaya a gaban akwatin, bayansa ya rufe gilashin gaba ɗaya. Ya sa yatsu a kunne ya kira salla. Muryar da ke tada Sakasaka da asuba ce, yanzu a cikin ɗaki mai rufin kwano. Bai gaggauta ba. Ya ja kowace kalma iyakar numfashinsa, jijiyoyin wuyansa a miƙe. A bayansa Mai Laima na faɗin sunan wanda ya yi kisan, babu wanda ya ji. Babu kuma wanda ya isa ya ce wa mai kiran salla ya matsa. Leɓuna suka fara amsawa, wasu da haushi.

Da ya gama, kiɗan rufe wasa ake yi.

"Wa ya kashe shi?" wani ya tambayi Abdulwahabu a hankali.

"Ban ji ba."

Afa Nashiru ya naɗe buzunsa. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da Ali, bai dube shi ba.

"Gobe da asuba mabuɗin masallaci na wurinka. Amma ka rage fushi. Salla ka kira, ba yaƙi ba."

"In sun daina dariya, Afa."

Ali ya wuce gaba zuwa masallaci. Suka bi shi a baya, suna gardamar direba ne ko matar.