Itacen Tudun Tiyo

Itacen yana tsaye shi kaɗai a kan tudu bayan garin Tiyo, kewaye da jar ƙasar da masu haƙar ƙarfen nikel suka ƙwaƙule. Odile, masaniyar tsirrai, ta san dangin kirfa ne, don in ka murza ganyensa ƙamshin yakan yini a yatsa. Amma hukuma ba ta hana motar haƙa hawa tudu saboda ƙamshi. Sai an ce ga jinsinsa, ga sunansa.

Abin haushin wannan dangi, ganye ba ya tona asiri. Sai an samu fure, an leƙa 'yan kawunan da ke zubar da gari, an ƙirga ƙofofinsu: biyu wani jinsi ne, huɗu wani. Shi kuwa gogan ya yi shekaru bai fitar da fure ba.

Tudun na kawunta Tein ne. Duk zuwa sai ta ajiye masa ƙyallen atamfa da taba, gaisuwar al'ada, kafin ta hau.

"Sa'o'inki na renon 'ya'ya, ke kina renon itace," in ji shi.

"Nawa ba ya kukan dare, Kawu."

"To ki ce masa ya yi sauri, 'yata. Motoci na zuwa bayan damina, ni kuma bakina ya gaji da cewa su dakata."

Ita kaɗai take hawa. Abokan aikinta na birnin Numeya tuni suka daina tambayar labarin itacen. Takan zauna a inuwarsa ta ci dafaffiyar doyarta, babu mai ce mata sannu, kuma kaɗaicin yana cinta ƙwarai.

Dab da ɗaukewar ruwa itacen ya yi fure, ƙanana kamar kan ashana. Ta ɗora gilashin dubawa. Ta buɗe ɗaya, ta buɗe wani, ta koma wani reshen. Babu kai mai zubar da gari ko guda. A wasu jinsunan namiji daban yake da mace, ƙofofin kuwa a furen namiji suke.

Ta sauko ta tarar da Tein yana kafa wa doyarsa sanduna.

"An samu sunan?"

"Mace ce, Kawu. Sai an samo namiji."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙaton ramin da ke gefen tudun, inda ko ciyawa ba ta tsira ba.

"Can mazan suke a da," ya ce.