Ƙaramar Ta Fi Shuri

A yankinmu na yammacin Texas, in dai maganar bindiga ce, babu namijin da zai yarda ya ce bai sani ba. Wanda bai iya soya ƙwai ba ma sai ya zaunar da kai ya yi maka karatu a kan harsashi. Shi ya sa ranar da aka ji Nadine Tolbert na neman ƙaramar bindigar da za ta riƙa ɗaurawa a ƙarƙashin riga, kafin rana ta take maza huɗu sun buga mata waya da shawara, kuma babu wanda ta tambaya a cikinsu.

Nadine shekarunta sittin da tara. Tun da mijinta Virgil ya rasu bara take zaune ita kaɗai a gonarsu, mil ashirin daga gari, da shanunta da kajinta. Ɗanta Wendell kuwa ya tasa ta a gaba sai ta koma Lubbock kusa da shi. Har ɗaki ya nemo mata a wani dogon bene na tsofaffi, inda ake kaɗa ƙararrawa in lokacin cin abinci ya yi. Da ɓarayi suka fasa rumbun maƙwabta da rana tsaka, sai ya samu abin da yake nema.

"Mama, ki dubi Allah," ya ce. "In wani ya tare ki a bakin ƙofar gona, wa zai ji ihunki? Kaji?"

"Ga doguwar bindigar ubanka nan bayan ƙofa."

"Da ita za ki je buɗe wa shanu? Da ita za ki shiga kanti?"

Suka yi ta ja har ta kai shi bango, ya ce to shi ke nan, ta je ta ci gwajin harbi ta karɓo lasisi, ta kuma riƙa yawo da bindiga a jikinta kullum. In ta iya, ya bar maganar. In ta kasa, ƙarshen wata za a zo da motar kaya. Wendell ba wawa ba ne. Ya san sanyin ƙashi ya cinye mata yatsu, murfin kwalba ma sai ta naɗa masa tsumma. Ta ce ta yarda, ta miƙa masa hannu suka tafa.

Washegari ga Hoyt, ƙanin marigayin, ya faka a-kori-kurarsa a tsakar gida yana washe baki. Hoyt na da bindigogi fiye da wandunansa, kuma duk duniya ba ya ganin akwai wanda ya kai shi sani.

"Matar yaya, kwantar da hankalinki, na gama miki aiki," ya ce. Ya buɗe wani ɗan akwati. A ciki ga wata 'yar mitsitsiyar libarba, mariƙinta ruwan hoda, ba ta fi tafin hannu ba. "Ta mata ce. Ɗaga ki ji, kamar gwangwanin da babu komai a ciki."

"Kai da ba ka taɓa ajiye mace ta shekara uku ba, ina ka san ta mata?"

"Ke dai harba ki gani."

Suka zaga bayan rumbu, ya jingina wata tsohuwar ganga, suka toshe kunne. Nadine ta saita, ta matsa kunama da ƙyar. Bindigar ta yi ƙara ta shure ta kamar jaki, zafi ya tafi mata har gwiwar hannu. Ganga na nan lafiyarta lau. Ta sake, ta sake. A harbi na biyar fatar da ke tsakanin babban yatsanta da manuni ta ɗaye, ganga kuwa ko ƙwarzane.

"Rashin sabo ne," in ji Hoyt. "Ai ƙasa da wannan babu. In wannan ta gagare ki, to..." Bai ƙarasa ba, ya hau sosa ƙeya.

Nadine ta ji tsoro a ranar, tsoro na gaske. Tunda mafi ƙanƙanta ta fi ƙarfinta, me ya rage? Ta zauna a baranda da hannu cikin kwanon ƙanƙara tana kallon itatuwan da suka dasa da Virgil shekarar da aka haifi Wendell, ta ga kanta a bene na shida tana jiran ƙararrawa. Ta yi kukanta, ta fyace hanci, sannan ta buga wa Hoyt waya ta ce gobe ya zo ya kai ta kantin bindigogi, ya kuma bar bakinsa a gida.

Bai bar shi ba. Suna shiga ya nufi wani mai gemu a bayan kanta, amma mai gemun na fama da wasu, sai wata mace gajera mai furfura a goshi ta taso. Rosalba sunanta, ita ce mai kantin, ita ke koyar da masu neman lasisi.

"Muna son wadda ta fi kowace ƙanƙanta," in ji Hoyt. "Ta tsohuwa."

Rosalba ko kallonsa ba ta yi ba. "Madam, mu ga hannunki." Ta juya tafin Nadine ta ga ciwon. "Wa ya ba ki 'yar ƙaramar libarba?"

Nadine ta nuna Hoyt da haɓa.

"Mijinki ne?"

"Allah ya kiyaye. Ƙanin mijina ne."

"To da sauƙi." Rosalba ta yi dariya. "Duk sati sai an kawo mini mace da irin wannan ciwon, kuma duk wani mai ƙaunarta ne ya jawo mata. Su a ganinsu ƙaramar mace sai ƙaramar bindiga, kamar takalmi. Madam, ƙarfin harsashi ɗaya ne. In bindiga na da nauyi, ita za ta shanye shurin. In ba ta da shi, hannunki ne zai shanye. Wannan da aka ba ki, ƙarti ma ba sa son harba ta."

"Ni ina harba ta," in ji Hoyt.

"Sau nawa a shekara?"

Hoyt ya juya ya hau duba wasu huluna da aka rataye a bango.

Rosalba ta jera bindigogi huɗu a kan kanta, ta tabbatar kowace babu harsashi, ta ce Nadine ta riƙa su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ɗan yatsanta na ƙarshe reto yake yi a iska. Ta biyu ta yi mata kauri. Ta uku, wata baƙa siririya mai ɗan tsawo, ta zauna mata a hannu daram, duk yatsunta sun samu wuri. Sai dai irin wadda ake ja wa ƙarfen sama baya ce kafin ta ɗanu. Nadine ta kama ƙarfen da yatsu biyu ta ja, ya ƙi. Ta cije ta sake ja, ya motsa kaɗan ya kuɓuce.

"Na faɗa," Hoyt ya ce daga wajen huluna.

"Malam, hular nan ta yi maka kyau, je ka duba madubi," in ji Rosalba. Ta dawo kan Nadine. "Ja kike yi, shi ya sa. Ba ja ake yi ba. Kife hannun hagu a kan ƙarfen ki damƙe shi da tafi duka, ki matso da shi kusa da ƙirji, bakin yana kallon can. Hagun kada ya yi komai, riƙo kawai. Da dama za ki tura gindin gaba, da kafaɗa. Kin taɓa tura ɗan maraƙi cikin mota?"

"Shekara arba'in."

"To tura."

Nadine ta tura. Ƙarfen ya tafi baya ya dawo, ƙaras. Ta tsaya tana kallon hannuwanta kamar na aro. Ta sake yi har sau shida a jere, tana dariya irin wadda rabonta da ita tun Virgil na da rai.

A filin gwaji na bayan kantin, bindigar ta ɗan girgiza ta kawai. Harbin farko ya sauka a gefen takarda, na uku ya shiga baƙin tsakiya. Aka koma maganar inda za ta ɗaura ta, nan ma aka sha fama. Jakar hannu Rosalba ta hana, ta ce ɓarawo ita yake fara fizgewa. Aljihun wandon mata kuwa, Allah ya isa tsakaninmu da masu ɗinka shi, ko makulli ba ya ɗauka. Kuben ƙugu ya tokare mata haƙarƙari in ta zauna. A ƙarshe aka dace da wata faffaɗar ɗamara mai roba da ake ɗaurawa a ciki, riga ta sauka a kai. Rosalba ta sa ta sunkuya, ta ɗaga hannu, ta zauna, ta tashi, tana zaga ta tana duba ko shatin bindigar zai fito. Bai fito ba.

Sati uku Nadine na zuwa kantin duk Talata da Juma'a. Ranar gwaji ita ce mafi tsufa a layi, kuma ta wuce makin da ake nema da rata. Ba ta gaya wa Wendell ba, ta kuma ja wa Hoyt kunne, wanda zuwa lokacin ya fara yawo a gari yana cewa shi ya zaɓa mata bindigar. Da ƙarshen wata ya zo ta ce wa Wendell ya ƙara mata haƙuri, ya ɗauka kunyar faɗuwa ce, ya ƙyale ta. Lasisin ya iso ta gidan waya ranar wata Alhamis.

Lahadi Wendell ya zo da matarsa bayan an tashi daga coci. Nadine ta soya kaza, ta gasa burodin masara, ta haɗa shayi mai ƙanƙara. Ta tare shi a bakin mota ya rungume ta, da suka shiga gida ma ya sake. Ta yi ta kai da kawo tsakanin murhu da tebur cikin rigarta mai furanni, ta sunkuya ta ciro tire, ta miƙa hannu ta ɗauko faranti daga sama. Da aka gama ci, Wendell ya gyara murya, ya sassauta harshe irin na wanda ya yi nasara amma ba ya son ya nuna.

"Mama, kada ki damu, ba abin kunya ba ne. Na san kin yi ƙoƙari. Ɗakin yana da taga babba, za ki so shi."

Nadine ta zaro katin daga ƙarƙashin kwanon sukari ta tura masa. Ya karanta, ya juya bayansa, ya sake karantawa.

"To... madalla. Amma Mama, kati daban, ɗauka daban. Cewa muka yi a jikinki, kullum. Na san ki, tana can cikin durowa kin naɗe ta da tawul. Yau tun da na zo ina lura da ke."

"Kana lura da ni?"

"Tun daga bakin mota."

"Wendell, sau biyu ka rungume ni yau."

Ya dube ta daga sama har ƙasa. Matarsa ta ajiye cokali ta toshe baki. Nadine ta ɗan dafa gefen cikinta da tafin hannu, daidai inda bindigar take, ta ci gaba da kurɓar shayinta.

Wendell ya yi dariya har ya kifa kai a tebur, da ya ɗago kuma idanunsa sun yi ja. "Ni fa tsoro nake ji, Mama. Tun da Baba ya tafi, duk sanda waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi."

"Na sani, ɗana. Ni ma ina ji. Amma a nan nake son in ji nawa, a gidana."

Ya jima yana murza katin a hannu. Sannan ya miƙa mata abinta, ya ciro wayarsa, ya fita baranda. Ta taga ta ji shi yana ba mutanen bene haƙuri, yana cewa su ba wani ɗakin, mahaifiyarsa ba za ta zo ba.