Tsohuwar Na'urar Kuroiwa

Genta dai ba ya iya cin abinci sai da gardama a gefe, kamar yadda wasu ba sa iya ci sai da yaji. Matar rumfar abinci ba ta gama zuba musu miyar miso ba ya sake ɗauko zancen da ya hana Fumika sukuni tun a mota.

"Ni ban ce bai iya ba," in ji shi, yana hura miyar. "Wa ya isa ya ce Kuroiwa-san bai iya ba? Cewa na yi a kan dandamali wannan tsohuwar na'urar kiɗan tasa ado ce kawai. Wayarta tana jone, amma an rufe mata baki. Abin da muke ji tun a gida ya naɗo shi, kwamfuta ce take rerawa, shi kuma ya tsaya yana ta murɗe-murɗe kamar mai neman tashar rediyo."

"Ci abincinka, Genta."

"Ina ci. Ke ce ba kya ci."

Da gaskiyarsa, dunƙulen shinkafar da ta saya yana nan a hannunta, ko gutsura ba ta yi ba. Gari ya waye a kwarin nan na tsaunukan Nagano, amma rana ba ta leƙo ba tukuna, sanyin kaka kuwa har cikin ƙashi. Can ƙasa a filin rawar bikin da suka zo, kiɗan na'ura da ake kira saikedelik yana ta dukan ƙirji tun jiya ba hutu, mutane suna taka raɓa, wasu da barguna a kafaɗa. Kowa jira yake lokacin safe ya yi, don a wajen masu wannan kiɗa, makaɗin da aka bai wa wasan fitowar rana shi aka girmama. Bana ma Kuroiwa aka bai wa.

Kuroiwa malamin Fumika ne. Saboda shi ta bar aikin ofis a Nagoya ta koma ɗaukar kayan kiɗa tana koyon sana'ar, abin da har yau mahaifiyarta ba ta gama haɗiyewa ba. A wannan kiɗa kowa ya san bugu da gurnanin ƙasa daga kwamfuta suke fitowa, ba mai ɓoyewa. Rigimar a kan muryar sama take, wannan mai lanƙwasa da ke yawo a kan bugun tana jan mutane. Da yawa sai su naɗo ta tun a gida, su zo su danna, su ɗaga hannu a yi musu tafi. Shi kuwa Kuroiwa doka ɗaya ya kafa mata ranar da ta fara zuwa ɗakin aikinsa: muryar sama da hannu ake yin ta a gaban jama'a, in ma kuskure ne a yi shi a gabansu.

Ta riƙe dokar, kuma ta sha wuya a kanta. Akwai ranar da hannunta ya rikice a wani ɗan gidan rawa, waƙar ta watse, tana kallo mutane suka juya mata baya suka nufi wajen abin sha. Gidan bai sake kiranta ba. Sa'o'inta masu danna naɗaɗɗe kuwa har ƙasashen waje ake gayyatarsu. Duk ta jure, saboda ta yi imani malaminta ma haka yake yi.

Sai ga Genta da wayarsa. Shi abokinta ne tun na makaranta, kuma irin masoyan kiɗan nan ne da ba sa zuwa biki don rawa, sai don su naɗi sauti su koma gida su yi masa binciken ƙwaf. Ya ɗauko wasan Kuroiwa na bara da wanda ya yi a bakin teku da bazara, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya, ya kunna mata a mota. Ta so ta ce sun bambanta, amma kunnenta ya ƙi ba ta goyon baya. A ɗakin aiki ta sha jin na'urar tana kuka da bakinta, wannan ba musu. Amma a dandamali ba mai taɓa ta, ko wayarta. Kuroiwa da kansa yake rungumo ta a nannaɗe cikin bargo, shi yake jonawa.

"Ruwa ba ya tsami banza, Fumi-chan," in ji Genta. "In ba abin ɓoyewa, me ya sa ko ke ba ya bari ki taɓa? Ki tambaye shi mana."

"In tambayi Sensei, malamina, ko maƙaryaci ne? Kai za ka iya yi wa babanka wannan tambayar?"

"Babana ai ba sai an tambaya ba, kowa ya sani."

"Kai dai ba ka da kunya."

"Kunya ba ta gyara sauti. Ni fa tausayinki nake ji. Kina ta zubar da mutuncinki a gaban mutane don dokar da mai dokar ma ba ya bi."

Nan ya taɓo inda yake mata ciwo. Ta miƙa masa shinkafar ta tashi. Tsoro take ji, ba fushi ba. Ta riga ta yanke a ranta cewa in maganar Genta ta tabbata, ba za ta yi wa kowa rigima ba. Za ta taya malamin loda kaya, ta rusuna ta yi godiya, kuma ba za ta sake taka ɗakin aikinsa ba. Abin da za ta yi da kanta bayan nan ne ba ta sani ba.

Ta hau ta tsaya a gefen dandamali, inda ta saba tsayawa. Kuroiwa gajere ne mai furfura, kullum da tawul a wuya. In ka gan shi a hanya sai ka ɗauka mai sayar da kifi ne. Tun ɗazu ya kunna na'urar, baƙar aba mai nauyi wadda ta girmi rabin masu rawar, ya kara kunne ya daidaita muryarta cikin sanyin nan. Da makaɗin da ya riga shi ya sauka, bai ɗaga wa kowa hannu ba, bai ma kalli filin ba. Bugu ya shigo, gurnani ya biyo shi yana birgima, can sai muryar sama ta ɓullo siririya, filin ya ɗauki ihu.

Ba ta taɓa jin kiɗansa ƙafarta ta ƙi motsawa ba sai ranar. Ido ta zuba wa yatsunsa. Ya murɗa dama, muryar ta buɗe. Ya murɗa hagu, ta tsuke. To amma wanda ya haddace abin da ya naɗa ai zai iya murɗawa daidai lokacin, ko ita za ta iya. Zargi mugun abu ne, in ya shiga zuciya ko gaisuwa aka yi maka sai ka ji da wata manufa. Ya goge gumi, ta ce na ƙarya ne. Ya ɗaure fuska, ta ce wasan kwaikwayo ne. A gaban dandamali kuma ga Genta ya kafe kamar turke, waya a sama, yana aiko mata da kallon "ba na faɗa miki ba?"

Bana masu shirya bikin sun juya dandamalin ya fuskanci gabas, saboda mutanen ƙauyen da ke ƙasa sun yi ƙorafin ƙara. Ba wanda ya tuna da rumfar da ke kansa, wadda aka yi ta don ranar tsaka. Saboda haka da rana ta ɓullo daga bayan tsauni, sai ta shigo ta ƙarƙashin rumfar ta sauka sosai a kan teburin Kuroiwa. Filin ya kaure da sowa, aka yi ta jefar da barguna, tururi yana tashi daga ciyawa. Waƙa ta wuce, wata ta shigo, ranar tana nan tana gasa baƙar fuskar na'urar.

Da farko Fumika ta ɗauka kunnenta ne ya gaji. Muryar sama ta ɗan ɗaga kaɗan, kamar mawaƙin da ya fara shaƙewa. Sai ta ƙara ɗagawa. Gurnanin ƙasa yana nan a inda yake, ita kuwa ta zame ta bar shi, har suka fara goga da juna, irin gogar da ke sa haƙora tsami. Wata mata a gaba ta tsaya cak da hannu a sama. Wani ya toshe kunne ɗaya. Fuskoki suka fara yamutsewa layi bayan layi.

Duk wanda ya zauna da irin waɗannan tsoffin na'urori ya san halinsu. Ba su da ƙwaƙwalwar da ke riƙe musu murya, zafin jikinsu suke bi. An daidaita ta cikin sanyi, yanzu ta yi zafi, dole ta karkace. Abin da aka naɗo daga gida kuwa bai san sanyi ba bai san zafi ba, ko a murhu aka ɗora shi yadda aka naɗe shi haka zai fito.

Nan take Fumika ta gane cewa muryar nan ba naɗaɗɗiya ba ce. Ba ta taɓa jin sauti mai muni da ya yi mata daɗi haka ba. Ta fashe da dariya, hawaye suna zuba, ga mutane suna ta ɓata rai, ga malaminta yana cikin abin kunyar da bai taɓa shiga ba, ita kuwa ta riƙe ciki kamar an ba ta labari.

"Fumika!" Kuroiwa ya daka mata tsawa ba tare da ya juyo ba. "Uban me kike wa dariya? Nemo min inuwa!"

Ta diro, ta fizgi wata lema ruwan hoda da wani ya rataye a jikin shinge, ta hau da gudu ta buɗe ta a kan na'urar. Sai dai inuwa ba ta sanyaya ƙarfe nan take. Muryar tana nan a karkace, hannuwansa biyu kuma duk a ɗaure, ɗaya yana riƙe da waƙar da ke fita, ɗaya yana shigo da mai zuwa. In ya saki ko ɗaya, komai zai zube.

"Maɓallin ƙarshe na hagu," in ji shi. "Murɗa baya, a hankali."

"Ni, Sensei?"

"A'a, kakarki! Murɗa!"

Ta mayar da lemar hannun dama, ta miƙa na hagu. Ƙarfen da zafi, har sai da ta ɗan janye. Ta kama maɓallin ta motsa shi kaɗan, sai ta ji muryar da ta cika kwarin nan gaba ɗaya ta motsa tare da yatsanta. Ta ƙara murɗawa da gaggawa, ta wuce wurin, muryar ta faɗa ƙasa da inda ake so.

"Kin zarce! Kurma ce ke? Bar kallona, saurari gurnanin."

Ta rufe ido. Ta nemo gurnanin ƙasa ta riƙe shi a kunne, ta dawo da maɓallin sannu sannu. Gogar ta ragu, ta koma kaɗawa, kaɗawar ta yi ta lafawa, can sai muryar ta zauna daram a mazauninta. Filin ya barke da ihun da ya fi na fitowar rana, don mutane sun ji abin ya lalace a gabansu kuma sun ji ya gyaru. Matar nan da ta tsaya ta ci gaba da rawarta daga inda ta bari.

Da Fumika ta buɗe ido, Genta ya sauke wayar. Ya haɗa tafukansa a gaban goshi ya rusuna mata, sannan ya ɗago ya kewaye bakinsa da hannu ya ƙwala, "Na yarda da na yau! Amma na bara fa?" Irin su Genta ko ka kai su rafi ka tsoma su sai sun ce a gwada ko ruwa ne. Ta murguɗa masa baki, bai dame ta ba kuma. Mutumin da ya yi shekaru yana murɗa maɓalli ɗaya, me zai hana na bara ya yi kama da na bana?

Ta fara zare hannu don ta koma gefenta, ta bar masa kayarsa kamar yadda aka saba. Kuroiwa ya girgiza kai, idonsa a kan abin da yake yi.

"Ina za ki? Tana sanyaya za ta sake zamewa, ta ɗaya gefen kuma. Riƙe ta."

"Har yaushe, Sensei?"

"Har mu gama. In kuma ta kuɓuce miki, ta kuɓuce a gabansu, ba wanda zai mutu."

Ta gyara tsayuwa, lema a hannu ɗaya, maɓalli a ɗaya. Ba a jima ba ta ji muryar ta fara sulalewa ƙasa, ta bi ta ta dawo da ita kafin kowa ya lura, ƙafarta kuma ta soma bin bugun.