Tiyon Birkin Motar Malama

Shekara ashirin makanike yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane, amma da matarsa Malama ta tashi sayen tata, ba ta nemi shawararsa ba. Wai so take ta ba shi mamaki. Ta kwashi abin da ta tara a aikin koyarwa, ta tafi wurin masu sayar da motoci na hannu, aka wanke mata wata fara, aka haɗa ta da takardar cewa an duba komai lafiya lau. Kwana tara da saye, a gangaren bayan makarantarsu, ta taka birki ƙafarta ta nutse har ƙasa. Allah ya tsare, tarin yashin magina ne ya tare ta.

Da aka jawo motar gida, makanike ya shiga ƙarƙashi ya gani da idonsa. Tiyon man birki ya daɗe da tsagewa, an naɗe shi da salatef, an shafa baƙin mai a kai don ya saje. Ya fito yana huci, ya ce sai ya je ya ci kwalar dillalin. Malama ta ce ya bari, ta riga ta kira Yaya.

Yayan nan ɗan kawunta ne, lauya, mai farar riga da taushin murya, kuma makanike bai taɓa ƙaunar ganinsa ba. Ya zauna a falo ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya zayyana musu hanyoyin da ke akwai: a fara da wasiƙa ga kamfanin su karɓi motarsu su mayar da kuɗi, in sun ƙi a kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, in abin ya faskara sai kotu. Sharaɗi ɗaya ne, kada kowa ya taɓa motar sai injiniya mai takardar shaida ya zo ya duba ya rubuta rahoto.

Mai takardar shaida! A gidan makanike! Malama kuwa sai gyaɗa kai take tana rubutawa, kamar ɗalibar da ke neman zuwa ta ɗaya. Sati guda gidan ba a jin komai sai Yaya ya ce, Yaya ya kira. Kishi ya ci makanike har tsayawa yake a bakin ƙofa yana sauraron yadda take dariya a waya.

Ranar Asabar da safe ta tafi taron iyayen yara. Ya ɗauko akwatin kayan aikinsa, ya cire tiyon, ya sa sabo dal, ya zuba mai, ya fitar da iska, ya wanke ƙarƙashin motar tas. Tsohon tiyon ya jefa a kwandon shara, motar shara ta zo ta kwashe. Aiki dai ya yi kyau, gaskiya. Ya zauna a kan benci yana jiran a gane wa ya iya mota a gidan nan.

Malama ta dawo ta ji labari, ta zauna a bakin baranda. Ranar Litinin injiniya ya zo ya rubuta cewa birki lafiyarsa ƙalau. Kamfanin kuwa suka amsa wasiƙa da layi biyu, cewa su mota mai lafiya suka sayar.

Lauya ya dawo falon, wannan karon bai ɗora ƙafa ba. Ya ce saura hanya ɗaya tak, shaidar wanda ya ga tiyon da idonsa, kuma mutum ɗaya ne ya gan shi.

“Maigida, kai za ka tsaya mata,” in ji shi. “Amma lauyansu zai tambaye ka, an ce kar a taɓa, me ya sa ka taɓa? Gara ka fara faɗa mana a nan.”

Makanike ya dubi hannayensa. Malama ta ajiye bironta ta juyo gaba ɗaya.

“Baban yara, faɗa masa,” ta ce. “Ni ma ina so in ji.”