Rikodar Makka da Wutar Kano

Ashafa mutumin Damagaram ne, yana aiki a wata masana'antar fata a Challawa, a Kano. Mahaifiyarsa ba ta rubutu, saboda haka duk saƙonta a kaset yake zuwa. Wata Asabar da hantsi, a 1982, wani direba ya miƙa masa kaset, ya ce tsohuwa ta ce ya saurara yau, kada ya kwana.

Ba shi da rikoda. Ya nufi gidan maƙwabcinsa, Alhaji Ladan, wanda ya dawo da sabuwa daga aikin Hajji. Babu batir a cikinta, filoginta kuma ya ƙi shiga soket ɗin bango.

"Alhaji, rikodarku ba ta son Kano."

"Kai ne ba ka iya ba. A Makka karatu ta yi mini har na yi hawaye."

Ashafa ya sayo adafta a bakin titi. Filogi ya shiga daram. Bai tambayi kowa ba, ya ɗauka duk abin da ya shiga ya dace. Wannan ganganci ne, ba ƙaddara ba.

Ya sa kaset ɗin, ya danna. Muryar tsohuwa ta fito da ƙarfi, tana sauri kamar ana korarta: "Ashafa, ka saurara da kyau. Ƙanwarka Habiba..."

Sai ƙauri, sai hayaƙi, sai shiru.

Suka kira Isyaku, mai gyaran wuta a masana'antarsu. Ya juya rikodar, ya nuna musu lambar da ke bayanta.

"Ɗari da goma take sha. Wutarmu ɗari biyu da arba'in ce."

"To adaftar fa?"

"Ƙafar filogi take sauyawa, ba ta rage ƙarfi."

"Wai wuta ba wuta ba ce?" in ji Alhaji. "Ta Makka ce za ta fi ta Kano rauni?"

Isyaku ya zaro kaset ɗin, zaren ya narke ya manne.

"Habiba me?" in ji Ashafa. "Tsohon ciki ne da ita."

"Ni murna na ji a muryar," in ji Alhaji.

"Ni kuka na ji," in ji Ashafa. Isyaku ya ce, "Ai wutar ce ta sa ta sauri."

Da azahar Ashafa yana tasha yana jiran motar Damagaram, riƙe da turmin atamfa, bai san ko barka zai je yi ko ta'aziyya ba.