Kifi Mai Yagaggiyar Jela

Shekara goma sha tara ina koyar da ilimin halittu a makarantar nan, kuma duk wanda ya ratsa ajina ya san kifina. Zanen karfasa ne da aka buɗe cikinta, ga hanta, ga hanji, ga jakar iska, kowanne da kibiyarsa da sunansa. Jelar kuwa a yage take ta gefen sama, kamar an gutsire. Duk farkon zango nakan kai takardar wurin mai fotokwafi na bakin ƙofar makaranta ya buga mini tamanin, sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe. Har laƙabi ɗalibai suka sa mini, Malam Karfasa, ni kuwa ban taɓa jin haushi ba. Daɗi ma nake ji.

Sai aka kawo mana Malama Tabarau. Shekararta uku kacal da fara aiki, aka ba ta teburin da ke jikin taga a ɗakin malamai, wanda na daɗe ina harinsa. Ba ta taɓa yi mini komai ba, kuma shi ya fi tsaya mini a wuya. Kullum sai ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi iyali, ni kuwa in amsa a daƙile. Ɗalibai suna bin ta da tambayoyi har bakin famfo. Ni idan na ce akwai mai tambaya, sai ka ji ajin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Hassada ce, ba sai wani ya gaya mini sunanta ba.

Da kwamitin malaman kimiyya na yankinmu ya ce kowa ya kawo ɗan littafin darussa, za a zaɓi ɗaya a buga wa makarantu goma sha biyu, sai na tattara tsofaffin takarduna na ɗinke, na kai ina taƙama. Aka zaɓi nata. Ranar Litinin kwafin gwaji ya iso, malamai suka yi ta miƙa wa juna suna sa albarka. Da ya zo hannuna na riƙa buɗawa da yatsa ɗaya, ina neman kuskure ko da na ɗigo ne. A shafi na ashirin da uku na ga kifina, da jelarsa a yage.

Wallahi farin ciki na fara ji kafin fushi. Na ce a raina yau Allah ya kama ta. Ranar Alhamis kwamiti zai sa hannun ƙarshe, kuma na ƙudurta littafin nan ba zai kai Alhamis ba.

Na sami Shugaban makaranta a ofishinsa yana fama da fankar da ta ƙi juyawa. Na shimfiɗa masa takardata da shafinta gefe da gefe.

"Ranka ya daɗe, dubi jelar nan. Ko makaho ya shafa ya san abu ɗaya ne. Sata ce tsirara, kuma a cikin gida."

Ya ɗauki takardun ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, maganar nan babba ce. Malami ya ɗauki shafi ɗaya ko biyu ya raba wa ajinsa don karatu, ya faɗi inda ya samo, wannan da sauƙi. Amma a sa aikin wani a littafin da za a buga a baza, dole sai da izinin mai shi. Ka tabbata naka ne?"

"Shekara goma sha tara, ranka ya daɗe. Tambayi kowa."

Ya aika aka kira ta. Ta shigo da alli a hannun rigarta, ta saurari ƙarar ko gezau ba ta yi ba. Sai ta ce a ba ta minti biyu, ta fita ta dawo da wani koren fayil. Ashe kowane hoto da kowane zane da ke littafin akwai takardarsa a ciki: wannan ita ta zana, wancan kamfanin ɗab'i ya yarda a rubuce, wani kuma mai shi ya sake wa kowa muddin an ambace shi. Ta zaro ta kifin ta miƙa wa Shugaba.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce da ni, "na ga zanen a takardarka tun zuwana. Da zan tambaye ka, sai na ci karo da shi a laburare, cikin wata tsohuwar takardar darasi da ta girmi aikinka da shekara goma sha biyu. Shi ne na nemi mai ita. Sunansa yana shafin ƙarshe, wurin godiya."

Ban kai shafin ƙarshe ba, a na ashirin da uku na tsaya. Amma tun daga nesa na gane rubutun da ke hannun Shugaba, mai kwanciya gefen hagu. Na Baba Malam ne, wanda ya koyar da ni a kwalejin horar da malamai. Nan take na tuna wata rana ina ɗalibi, na ɗora siririyar takarda a kan zanensa na kifin a jikin gilashin taga, ina bin layin da fensir. Ban manta ba, binnewa na yi. Shekarar farko ban sa suna ba, ta uku na sa, zuwa ta goma ko rantsuwa aka ce in yi zan yi.

Shugaba ya miƙo mini takardata kawai, ya koma wa fankarsa.

Ranar Asabar da hantsi na tafi gidan Baba Malam, rabona da shi ya fi shekara goma. Na same shi a baranda kan kujerar roba, rediyo a cinya, idanun sun yi fari-fari. Da murya ya gane ni.

"Dogo, kai ne? Ashe kana gari."

Muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce, "Malam, kifin nan naka mai yagaggiyar jela."

Ya yi dariya har da tari. "Kyanwar maƙwabta ce. Na sayo karfasar don in zana, na shiga ɗauko fensir, na fito na tarar ta gutsiri jela. Ni kuma abin da na gani shi nake zanawa. Jikata ta kawo mini takardarka shekarun baya, ta karanta mini sunan da ke ƙasa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. "Me ya sa ba ka aiko mini ba, Malam?"

"Na ce zai zo da kansa. Ai akwai sauran arba'in da ɗaya a littafin zanen, kwaɗo, fara, furen kuɓewa, zuciyar tunkiya. Kai na ajiye wa, don a duk ajinku hannunka ya fi kama da nawa. Sai ga yarinyar nan ta zo har sau uku kan kifi ɗaya, da takarda wai in sa hannu. Tunda nake ba wanda ya taɓa tambayata. Na ba ta littafin duka, na rubuta cewa izininsa yana hannunta."

Hassadar da na yi a baya ashe wasa ce. Teburin taga da kwamiti duk suka fita daga raina. Littafin nan mai baƙin bango na san shi, na sha leƙensa a teburinsa ina ɗalibi, kuma shekara da shekaru yana jirana a cikin akwati, tafiyar rabin awa daga gidana.

Ranar Litinin ajina na da darasin kifi. Na daɗe tsaye a bakin ɗakin malamai kafin na ƙarasa teburin da ke jikin taga. Littafin Baba Malam yana nan a gefen hannunta, ta sa masa rigar leda.

"Malama," na ce, "ko za ki ba ni izini in raba wa 'yan ajina zanen kifin?"

Ta miƙe tsaye. "Haba Malam, ba komai. Sharaɗinsa ɗaya ne, a sa sunansa a ƙasa."

Na zauna da takardu tamanin da jan biro, ina soke sunana ina rubuta nasa, ɗaya bayan ɗaya. Da na raba a aji, wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu, abin da aka daɗe ba a yi mini ba.

"Malam, wane ne wannan?"

"Mai kifin ne," na ce.