Wayar Kafinta da Datar Mai Katifa

Bango ɗaya ne tsakanin shagon Kafinta da na Mai Katifa, bangon ma na katako, kuma Kafinta ne ya kafa shi da hannunsa. Shi ya haɗa gado, maƙwabcinsa ya sayar da abin shimfiɗawa a kai. Haka suka tsufa tare, har ɗan Kafinta ya auri 'yar Mai Katifa, aiki ya kwashe su zuwa wani gari mai nisa. Can aka haifa musu jika namiji, aka sa masa sunan Kafinta, ana ce masa Takwara.

Suna na Kafinta ne, amma fuskar da yaron ya sani ta Mai Katifa ce. 'Yarsa ta aiko masa da waya mai shafawa, tana kuma sa masa data duk wata. Kullum da hantsi sai wayar ta yi ƙara, Mai Katifa ya gyara hula, ya jingina da katifu, ya hau gwaranci kamar ba dattijo ba. Ta cikin katako Kafinta yake jin ƙaramar murya tana cewa, "Kaka, Kaka." Sai ya ƙara wa zarto ƙarfi.

Tasa wayar 'yar mai madannai ce, ɗaure da roba. In ɗansa ya kira ya miƙa wa yaron, numfashi kawai ake ji, daga nan sai a ce ya kai ta baki. Sau ɗaya Kafinta ya leƙa wayar maƙwabcinsa. Yaron ya dube shi, ya tura baki, ya ɓoye fuska a jikin uwarsa. Ita kuma ta ce, "Haba Takwara, ɗaya Kakan ne fa." Bai sake leƙawa ba.

A gida matarsa ta gaji da ganin yana tsakurar abinci yana turewa.

"Malam, ka je ka zauna kusa da shi mana. Wayar ba za ta lalace don ta ɗauki fuska biyu ba."

"Jikan nawa sai na yi aro kafin in gan shi?"

"To ka ci abincin dai. Kada ranar da za ka gan shi ya tarar da ƙashi."

Yana da kuɗin wasu kujeru da aka biya shi, waɗanda ya ajiye don sayen katako. Da safe ya cusa su a aljihu ya nufi layin masu waya. Mai shagon da ya shiga mace ce, 'yarta ma Mai Katifa ne ya sayar mata da katifar aure, don haka ta san su duka. Ta ji abin da yake so, ta ajiye masa waya biyu a kan gilashi.

"Baba, wannan an taɓa riƙe ta, amma lafiyarta ƙalau. In ka ɗauke ta, abin da ya rage zai sa maka datar wata-wata har ka manta ana saye. Kiran bidiyo shan data yake yi kamar tsohuwar mota da mai. Waya ba data, madubi ce kawai."

"Waccan fa?"

"Sabuwa ce fil a kwali. Amma za ta lashe kuɗin, sai ɗan abin da ba a rasa ba."

Kafinta ya juya ta kamar yana duba katako. Ya ga idanun ɗaukar hoto jere a bayanta.

"Ta Mai Katifa idonta nawa?"

"Biyu, Baba. Ni na sa mata gilashi."

"Wannan huɗu nake gani. Sa min a leda."

Mutum in kishi ya riƙe masa hannu, abin da zai yi masa amfani ba ya ma shiga idonsa. Ta nuna masa tsarin data, ga ta yini, ga ta mako, ga ta wata. Ta wata ta fi ƙarfin abin da ya rage masa. Can ƙasa ya hango wata mai lamba babba, kuɗinta kuma ƙanƙani, ya ɗora yatsa.

"Baba, wannan ai ba irin wadda…"

"Na san halinku. Mai arhar ce ba kwa so a saya."

"Ba haka ba ne. Lokaci gare ta."

"Ni ma lokaci gare ni, na bar shago ba kowa. Sa min."

Ta ɗaga kafaɗa, ta mayar masa da layinsa cikin sabuwar, ta sa masa. Daga nan ya kira ɗansa ya ba da umarni cewa gobe da hantsi shi za a fara kira, ba Mai Katifa ba.

Washegari ya share ƙofar shago, ya sa riga wankakkiya, ya zauna a waje inda kowa zai gan shi, wayar a kan gwiwa. Mai Katifa ya fito, ya kalle ta, ya jinjina kai.

"Mutumina, waya ce wannan ko ƙyauren taga?"

"Ta manya ce."

Hantsi ya yi, wayar shiru. Ya shafa, ya girgiza, ya ɗaga ta sama. Sai ta Mai Katifa ta yi ƙara, ya ji muryar surukarsa tana cewa, "Baba, muna ta neman Baba Kafinta, ba ya shiga. Lafiya dai?"

Mai Katifa ya ce su ɗan jira. Ya sa tabarau, ya karɓi sabuwar wayar, ya duba saƙon da kamfani ya turo. Gemunsa ya fara rawa don dariya.

"Kafinta, datar dare ka saya. Sai tsakar dare take buɗewa, kafin asuba ta rufe. Ta samari masu kallon fim ce. A wannan lokacin Takwara ko ganga aka buga masa ba zai motsa ba."

Kafinta ya bi wayar da kallo. Kuɗin katako sun tafi, ga waya mai ido huɗu ba ta ganin kowa.

"Kawo in jona maka da tawa," in ji Mai Katifa. "Waya tana shayar da 'yar'uwarta data, in dai suna kusa da juna."

Kafinta ya so ya ƙi. Amma kafin bakinsa ya buɗe an riga an jona, wayarsa ta ɗauki ƙara, ga yaron nan ya cika fuskarta, har sababbin haƙoransa ana gani. Kafinta ya miƙe da sauri, ya shige shagonsa, ya wuce can bayan katakai inda ko hular Mai Katifa ba za ta leƙo ba. Yana buɗe baki zai yi magana, hoton ya daskare, yaron baki a hangame, wani ɗan zobe yana ta juyawa a goshinsa.

"Ka yi nisa da nono, dattijo," Mai Katifa ya faɗa daga waje. "Dawo."

Ya dawo, ya zauna a bakin bencin maƙwabcinsa. Hoton ya motsa. Yaron ya kalli bayan kafaɗar Kafinta, ya hango Mai Katifa, ya washe baki.

"Kaka."

"Wannan fa, wane ne?" in ji uwar.

Takwara ya zuba wa Kafinta ido. Bai yi kuka ba, bai ɓuya ba. Ya kai yatsa yana dangwalar gilashi daidai fensirin da ke maƙale a kunnen tsohon, sannan ya sake juyawa wajen Mai Katifa.

Da aka kashe, Kafinta ya goge wayar da bakin riga.

"Gobe ni ne a gaba. Kai ka koma baya."

"In ka cika ni da mulki, datar zan kashe."

Kafinta ya shiga shago ya fito da abin awo. Ya auna tsayin bencin Mai Katifa, ya ƙara taki ɗaya a kai, ya hau tonon guntayen katakon da suka rage masa yana neman ƙafafun kujerar da zai haɗa wa kansa, wadda za ta ɗara bencin.